Yadda ake zaɓen babbar wuƙar yanka da za ta daɗe tana aiki

Idan Sallar Layya ta ƙarato, magidanta da yawa a Yamai sukan ɓata kwanaki suna zagaya kasuwar Turaku suna tayin rago, amma wuƙar da za a yanka shi da ita sai ranar jajibere ake tsayawa a saye ta a gaggauce a hannun mai talla a bakin titi. Na ga inda ƙota ta kwance ana tsakar aiki, na kuma ga inda kaifi ya mutu tun ba a gama fiɗa ba, kuma duk wannan ana iya kauce masa tun a wurin saye.

Da farko ka san aikin da kake so ta yi maka. Wuƙar da tsawon ƙarfenta ya kai santimita 20 zuwa 25 ta isa yankan rago da yanyanka nama, amma saran ƙashi aikin adda ne ko gatari, kuma wanda ya sari ƙashi da wuƙar yanka shi ya ɓata bakinta da kansa.

Sannan ka nufi wurin maƙera, irin waɗanda ke kasuwar Katako, aƙalla wata guda kafin Salla, domin farashi yana tashi idan lokaci ya matse, kuma maƙeri ba ya samun sukunin sauraronka. Ka nemi wadda aka ƙera da ƙarfen sifirin mota. Wuƙaƙen kanti masu sheƙi ba sa saurin tsatsa saboda sinadarin kuromiyam da ke cikin ƙarfensu, sai dai masu arahar cikinsu ba sa riƙe kaifi, don haka ni ba na ba kowa shawarar sayensu don yanka.

Wurin da yawancin masu saye suke faɗuwa shi ne mahaɗar ƙarfe da ƙota, domin idonsu yana kan baki da tsini, alhali a nan ne wuƙa take karyewa. Ka juya ta ka dubi bayan ƙotar da kyau. Wuƙar kirki ita ce wadda ƙarfenta ya zarce har ƙarshen mariƙi, ana ganinsa tsakanin katako biyu da aka ɗaure da ƙusoshi biyu ko uku waɗanda aka daddale kawunansu. Wadda aka soke siririyar wutsiyar ƙarfe cikin itace kawai, ko aka liƙe ta da narkakkiyar roba, takan yi kyau a ido a ranar saye, amma da zarar jini da ruwa sun jiƙa itacen ya kumbura, sannan zafin rana ya busar da shi ya tsuke, sai ramin ya buɗe wuƙar ta fara girgiɗi. Ka riƙe ƙotar da hannu ɗaya, ka kama bayan ƙarfen da tsumma da ɗaya hannun, ka murɗa su a hankali. Ko motsi kaɗan ka ji, ka ajiye ta, kada kuma ka yarda da alkawarin cewa za a ƙara mata ƙusa. Bayan haka ka jiƙa tafinka ka sake riƙe ta, domin ba da busasshen hannu ake aikin nama ba. Ƙotar da ta yi santsi, ko wadda ba ta da ɗan tudu da zai tare yatsa kada ya zame zuwa kaifi, hatsari ce komai kyawunta.

Daga nan sai gwajin taurin ƙarfe. Maƙeri yakan gasa wuƙa ta yi ja, ya tsoma ta cikin ruwa ko mai don ta taurare, kuma ba kowa ne ya iya wannan matakin ba. Ka roƙe shi ya goga magagari a kusa da bakinta. Idan magagarin ya ci ƙarfen cikin sauƙi, wuƙar ta yi laushi kuma za ta riƙa dakushewa. Idan yana zamewa yana ci kaɗan-kaɗan, ita ce kake nema. Ka ɗaga ta saitin ido ka tabbata ba ta karkace ba, kuma babu tsaga a jikinta.

Kada ka bar kasuwa ba tare da kube ba, ko da za ka ƙara wa baduku ɗan kuɗi ya ɗinka mata na fata mai kauri daidai da ita. Ka haɗa da dutsen wasa, ka wasa ta tun daren jajibere nesa da idon dabbar, domin hadisin da Muslim ya ruwaito ya umarci mai yanka da ya wasa wuƙarsa ya hutar da abin yankansa. Bayan aiki ka wanke ta nan take, ka goge ta ta bushe sarai, ka shafa mata man gyaɗa kaɗan, sannan ka naɗe ta a tsumma ka ajiye inda yara ba za su kai ba, ba a cikin kube ba, domin fatar kube tana riƙe danshi a lokacin damina har ƙarfen ya yi tsatsa.