Yadda ake kafa MantisBT a kan sabar ka don bin diddigin kurakuran manhaja

Duk ƙungiyar da ke rubuta manhaja sai ta kai lokacin da saƙonnin WhatsApp ba za su iya riƙe ƙorafin masu amfani ba. Wani ya turo hoton matsala, wani ya ce ya gyara, bayan mako biyu ba wanda ya san inda aka kwana. MantisBT manhaja ce ta kyauta da aka rubuta da PHP, Kenzaburo Ito ne ya fara ta a shekarar 2000. Aikinta shi ne ta ba kowace matsala lamba, a san wanda ya kawo ta, wanda aka ɗora wa gyaranta, da matakin da take. A nan an ɗauka kana da sabar mai Ubuntu 24.04, da sunan shafi da ka riga ka haɗa da adireshin IP na sabar. RAM mai gigabait 1 ya ishi ƙaramar ƙungiya.

Kayan aiki

`sudo apt install apache2 mariadb-server php libapache2-mod-php php-mysql php-mbstring php-curl php-gd php-xml`

Wannan umarni zai kawo Apache 2.4 (manhajar da ke miƙa shafi ga burauza) da MariaDB 10.11 (mai riƙe rumbun bayanai) da PHP 8.3. Kada ka tsallake php-mbstring, MantisBT ba ta tashi sai da shi.

Rumbun bayanai

A nan mutane da yawa suke cijewa. Shafin girka MantisBT yana da gurbin sunan mai cikakken iko a kan rumbun bayanai, sai mutum ya rubuta root, shafin ya ƙi. Dalili kuwa a Ubuntu asusun root na MariaDB ba ya shiga da kalmar sirri, sai ta hanyar sudo daga cikin sabar. Saboda haka ka ƙirƙiri rumbun da hannunka. Rubuta `sudo mysql`, sannan:

`CREATE DATABASE bugtracker CHARACTER SET utf8;`
`CREATE USER 'mantis'@'localhost' IDENTIFIED BY 'doguwar-kalmar-sirri';`
`GRANT ALL PRIVILEGES ON bugtracker.* TO 'mantis'@'localhost';`

Tsarin utf8 yana ɗaukar ƙ da ɗ da ɓ da ƴ ba tare da sun koma alamar tambaya ba, don haka ana iya rubuta rahoto da Hausa tsantsa.

Apache da HTTPS

Sauke sigar ƙarshe daga mantisbt.org, ka warware ta cikin /var/www/mantisbt, ka miƙa foldar ga www-data, asusun da Apache ke aiki da shi, da `sudo chown -R www-data:www-data /var/www/mantisbt`. Daga nan ka buɗe sabon fayil mai suna mantis.conf a /etc/apache2/sites-available, ka sa ServerName ya zama sunan shafinka, DocumentRoot ya zama wannan folda.

A cikin sashen Directory na wannan fayil ka rubuta `AllowOverride All`. MantisBT tana zuwa da ƙananan fayilolin .htaccess da ke hana baƙo leƙa foldodi irin su config da core, amma Ubuntu ya saita /var/www a kan None, wato Apache ba zai ko kalle su ba sai ka ba shi izini. Kunna shafin da `sudo a2ensite mantis.conf`, ka sake loda Apache.

Ka sa HTTPS, mai ɓoye bayanan da ke wucewa tsakanin burauza da sabar, yanzu, kafin girkawa, domin nan da ɗan lokaci za ka rubuta kalmar sirrin rumbun bayanai a burauza. Girka certbot da python3-certbot-apache, ka gudanar da `sudo certbot --apache`. Takardar shaidar HTTPS da certbot ke karɓowa daga Let's Encrypt kwana 90 take yi, certbot yana sabunta ta da kansa.

Girkawa da rufe ƙofofi

Buɗe adireshin shafinka ka ƙara /admin/install.php a ƙarshe. Cike sunan rumbun da asusun mantis da kalmar sirrinsa, ka bar gurbin mai cikakken iko babu komai. A wurin lokaci zaɓi Africa/Lagos ko Africa/Niamey in nan kuke. Idan komai ya tafi daidai za a rubuta saitinka a config/config_inc.php. In foldar ba ta rubutuwa, shafin zai nuna maka abin da za ka kwafa ka zuba da kanka.

Asusun farko sunansa administrator, kalmar sirrinsa root, kuma duk wanda ya taɓa girka MantisBT ya san haka. Shiga ka sauya ta nan take. Sannan ka buɗe /admin/check/index.php ka gyara duk abin da ya fito da ja. Idan ka gama, goge foldar admin gaba ɗaya. In ma'aikatanka kaɗai za su yi amfani da shafin, ƙara `$g_allow_signup = OFF;` don kada kowa ya buɗe wa kansa asusu. Duk sauyin saiti a config_inc.php ake yinsa. Fayil ɗin config_defaults_inc.php na karatu ne kawai, sabuwar siga za ta share duk abin da ka taɓa a cikinsa.

Imel

Wannan ne wurin da ya fi cin lokaci, kuma in bai yi ba sauran aikin banza ne. Idan ka buɗe wa mutum asusu, ba kai kake ba shi kalmar sirri ba, MantisBT ce ke tura masa imel mai mahaɗin da zai zaɓi tasa. Imel bai fita ba, ba wanda zai shiga sai kai. Yawancin kamfanonin hayar sabar suna toshe ƙofa mai lamba 25 saboda masu watsa saƙonnin banza, don haka ka bi ta SMTP, wato ka miƙa saƙon ga sabar imel ta wani kamfani kamar Gmail ta tura maka:

`$g_phpMailer_method = PHPMAILER_METHOD_SMTP;`
`$g_smtp_host = 'smtp.gmail.com';`
`$g_smtp_port = 587;`
`$g_smtp_connection_mode = 'tls';`

Sai ka cike $g_smtp_username da $g_smtp_password. Gmail ba zai karɓi kalmar sirrinka ta yau da kullum ba. Sai ka kunna tantancewa mai mataki biyu, ka ƙirƙiri kalmar sirri ta musamman don manhaja. Adireshin da ka sa a $g_from_email da $g_return_path_email ya zama shi ne wanda ka shiga da shi, in ba haka ba saƙonnin na iya faɗawa akwatin shara na masu karɓa.

In har yanzu shiru, sa `$g_log_level = LOG_EMAIL;` ka nuna wa $g_log_destination fayil ɗin da www-data zai iya rubutawa, a nan za ka ga inda saƙon ya maƙale. Idan kuma shafi yana jan jiki duk lokacin da aka ajiye rahoto, jiran SMTP yake yi. Sa `$g_email_send_using_cronjob = ON;`, ka umarci cron, mai gudanar da ayyuka a lokacin da aka tsara, ya riƙa gudanar da scripts/send_emails.php duk bayan minti 5. Wanda ya kunna wannan saiti ya manta da cron, saƙonninsa za su taru a rumbu ba ko ɗaya da zai fita.

Hotuna da fayiloli

MantisBT tana yarda da fayil har kusan megabait 5, amma PHP yana tsayawa a megabait 2, kuma mafi ƙanƙanta ne ke aiki. Shi ya sa hoton allo daga waya yake ƙin hawa. Gyara upload_max_filesize da post_max_size a /etc/php/8.3/apache2/php.ini, na biyun ya ɗara na farkon, ka daidaita $g_max_file_size da su, ka sake kunna Apache.

A asali fayilolin cikin rumbun bayanai suke shiga, su yi ta kumbura shi. Gara ka sa `$g_file_upload_method = DISK;`, ka nuna wa $g_absolute_path_default_upload_folder wata folda da ke wajen /var/www, mallakar www-data.

Mutane da matakansu

Buɗe aiki na farko a ƙarƙashin Manage, ka ba shi aƙalla rukuni ɗaya na matsaloli. Matakan izini shida ne: viewer, reporter, updater, developer, manager da administrator. Masu gwaji reporter ya ishe su, masu gyara developer. Administrator kada ya wuce mutum biyu.

Abin da ya rage shi ne ajiyar kariya. Kowane dare cron ya gudanar da mysqldump a kan bugtracker don kwafe rumbun, ya haɗa da foldar config da foldar fayiloli, ya tura su wata na'ura daban. Foldar config tana da muhimmanci domin a cikinta $g_crypto_master_salt yake, wato lambar sirrin da MantisBT take amfani da ita wajen tsaro. Sau ɗaya a wata ka maido da ajiyar a kan wata kwamfuta, ka shiga, ka buɗe rahoto mai hoto ka tabbatar hoton ya fito.