Masu rubuta almara, ga dabarar ma'auni

Kar ku ƙirƙiro ma'aunin duniyar labarinku da ka. Ku ɗauko shi daga abin da mutanenta ke riƙewa kullum.

Ku leƙa kasuwar Mile 12 da ke Legas: da derika ake awon shinkafa, gwangwanin tumatir ne fa, garin rogo kuma da robar fenti. A gida Arewa kuwa, mudu da tiya.

In mutanenku masunta ne, su auna hatsi da ƙwaryar kwalfe ruwa. Mai karatu zai gane nan take, ba sai kun cika shafi da bayani ba.

Amma dabarar ba ta aiki wajen zinariya ko harajin sarki. Nan sai tsayayyen nauyi irin miskali, giram 4.25.

In kuma akwai samudawa a labarin, ku faɗi takun ƙafar wa ake bi wajen awon gona.