Yadda Ake Kiran Duruzawa da Sunan da Suka Yarda da Shi

Bahaushen da ke aiki a Jidda ko Riyad yakan haɗu da 'yan Lebanon da Siriya, kuma wani lokaci a cikinsu akwai Duruzi, wato ɗan wata al'umma mai addini nata na daban. Kafin ka kira shi da wannan suna, ya kamata ka san asalinsa. An samo shi ne daga Muhammad bin Isma'il ad-Darazi, wani mai wa'azi a Alƙahira a zamanin halifan Fatimiyya al-Hakim bi-Amrillah, wanda ya yi mulki daga 996 zuwa 1021. Su kansu Duruzawa suna ɗaukar ad-Darazi a matsayin wanda ya kauce hanya, jagoran da suke girmamawa kuwa shi ne Hamza bin Ali, don haka sunan daga bakin waɗansu ya fito ya bi su.

Saboda haka, idan kana son nuna ladabi, ka ce al-Muwahhidun, ko Bani Ma'aruf, wanda Duruzawan Suwaida a Siriya da na tsaunukan Shuf a Lebanon suke alfahari da shi. Kada ka matsa masa da tambaya kan littattafansu, domin malamansu ne kaɗai, waɗanda ake kira uƙƙal, suke karanta su, kuma tun 1043 suka rufe ƙofar shiga addinin.