Yadda Ake Farfaɗo da Mangwaro Bayan Cutar Baƙin Tabo

Idan ka ga baƙin tabo mai kusurwa a ganyen mangwaronka, 'ya'yan kuma suna tsagewa suna zubar da ƙaro, to bakteriya ce da ake kira Xanthomonas. Ruwan sama mai iska ke yaɗa ta, shi ya sa a nan Kaduna take yin kaka-gida lokacin marka.

Ka fara da sara. Ranar da gari ya bushe, sare rassan da suka kamu ka ƙone su can gefe. Kafin ka taɓa wata bishiyar, tsoma addarka cikin ruwan Hypo, kashi 1 na Hypo da kashi 9 na ruwa. Kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, kada ka tsallake.

Abin da ke biyo bayan saran shi ke kayar da sababbin masu lambu, ni ma nan na yi asara. Lokacin da cuta ta shiga ganye, bishiya da kanta take samar da haidurojin ferokzaid, wato irin ruwan nan na kemis da ke kumfa a kan ciwo, don ta ƙone ƙwayar cutar. Amma idan ya yi yawa, har naman ganyen yake ci. Saboda haka tana da nata masu kashe gobara: sinadaran kariya da ake kira katalas da SOD (wato superoxide dismutase) da bitamin C. Katalas na mayar da haidurojin ferokzaid ɗin ya koma ruwa da iskar oksijin. Bishiyar da ta tashi daga ciwo, waɗannan masu kashe gobarar sun riga sun galabaita. Ƙishirwa da zafin rana da magani mai yawa kuwa duk ƙara wutar suke yi.

A lambuna da ke wajen Kujama na taɓa zuba wa wasu bishiyoyi yuriya da yawa, ina kuma yi musu feshin maganin jan ƙarfe duk mako da tsakar rana, wai su murmure da wuri. Tofon ya fito lafceƙe da taushi, bakinsa ya ƙone kamar an babbaka, da damina ta dawo tabon ya rufe shi. Jan ƙarfe kariya ce a bayan ganye, ba ya warkar da abin da ke ciki, kuma idan ya wuce kima shi ma ƙuna yake jawowa.

Don haka ka ajiye yuriya tukuna. A Maris da Afrilu, lokacin bazara, ba da ruwa ya ratsa ƙasa sosai, ba yayyafi ba. Shimfiɗa busasshiyar ciyawa a kewayen gindi, amma ka bar tazarar tafin hannu kada ta taɓa kututture. A gindi, takin gargajiya da ya ruɓe shi ne kawai na yarda da shi. Ka ƙara da takin feshi na ganye mai zinki da manganis da sinadarin ƙarfe, domin da su bishiya ke ƙera SOD da katalas.

Feshin jan ƙarfe kuwa, bi ma'aunin da ke jikin leda, da sassafe ko da yamma, a kan sabon tofo. Dasa itatuwan kare iska ta ɓangaren da hadari ke tasowa. Idan tofo na biyu ya sake fitowa da tabo, tsinko ganyen a ambulan ka kai Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya su duba maka.