Kurakuran da Masu Kiwon Kaji a Gida Suka Fi Yi a Ƙasar Zafi, da Yadda Ake Gyara Su

A garuruwan bakin Sahara irin su Agadas, Tawa, Damagaram, Sakkwato, Nguru da Maiduguri, mutane da yawa suna ajiye kaji goma ko ashirin a bayan gida, ba don kasuwa ba, sai don sha'awa, da ƙwan karin kumallo, da abin yanka wa baƙo. Galibinsu sun san takaicin buɗe akurki da la'asar a watan Afrilu a tarar kazar da ta fi ƙiba ta mutu, alhali da safe lafiyarta ƙalau. Abin da aka saba faɗa shi ne annoba ta shigo, sai a garzaya kantin magani. Sau da yawa kuwa babu wata cuta a wurin, zafi ne ya kashe ta, kuma mazaunin da aka yi mata ne ya taimaka masa.

Kaza ba ta yin gumi. Zafin jikinta kusan digiri 41 ne a ma'aunin Salshiyas, kuma ta fi sakewa idan zafin gari yana tsakanin 18 da 24. Da zarar ya haura 30 sai ta fara haki, ta saki fukafukai, ta rage cin abinci, domin galibi ta numfashi da tukku da ƙafafu ne take fitar da zafi. A bazararmu ma'auni yakan wuce 40 kwana da kwanaki, wani lokaci ya kai 45, wato iskar da ke kewaye da ita ta fi jikinta zafi. Duk wanda ya riƙe wannan a ransa zai ga cewa inuwa da iska da ruwa su ne farkon abin da ake tanada, tun kafin a sayo kaza ko ɗaya.

Kuskuren da ya fi yawa yana cikin ginin ɗakin. Mai kiwo yakan ji tsoron muzuru da maciji da ɓarawo, sai ya gina ɗan gajeren ɗaki na bulo, ya rufe shi da kwano, ya bar 'yar taga guda. Da tsakar rana irin wannan ɗaki ba shi da maraba da tanderu. Gyaransa bai kai tsadar asarar da yake jawowa ba. A tsayar da bango bai wuce gwiwa ba, sauran har zuwa rufi a sa ragar waya mai ƙananan idanu, ta yadda iska za ta ratsa amma ɓera da tsuntsaye ba za su shiga ba. A ɗaga rufin ya wuce tsayin mutum, a bar masa baki mai faɗi da zai tare rana. Idan da hali, tsawon ɗakin ya miƙe daga gabas zuwa yamma, domin rana ta bi ta saman rufi maimakon ta riƙa dukan gefe. Wanda ya riga ya yi rufin kwano ba sai ya cire ba. Ya shimfiɗa zana ko karan dawa a kai, ko ya shafa wa kwanon farin fenti, zai ji bambanci da hannunsa. Mafi alheri duka shi ne gindin darbejiya, kuma gidan da ba shi da itace ya kamata ya dasa tun daminar bana, kafin nan kuma a kafa rumfar zana.

Rashin danshi a iskar Maris da Afrilu yana da amfani guda da mutane ba su cika mora ba. Idan aka jiƙa buhun algarara aka rataye shi ta gefen da iska ke shigowa, bushewar ruwan tana sanyaya iskar da ke ratsa shi, kamar dai yadda randa ke sanyaya ruwa. Haka nan yayyafa ruwa a ƙasar da ke ƙarƙashin inuwa, inda kaji za su tona su kwanta. Abin da ba a so shi ne jiƙa shimfiɗar cikin ɗaki, ko ɓuntun shinkafa ne ko dusar katako, domin jiƙaƙƙiyar shimfiɗa ce matattarar cutar kashin jini, ga kuma warin da ke ƙona musu ido. Cunkoso ma yana ƙara zafi, don haka manyan kaji uku a kowace murabba'in mita sun isa.

Sai batun ruwa, wanda a ganina a nan ne aka fi zaluntar kaji ba da gangan ba. Ana cika musu roba ɗaya da safe, a ajiye ta a fili, a tafi aiki. Kafin azahar ko dai ruwan ya ƙare, ko sun kifar da shi, ko kuma ya yi zafin da kaza za ta tsoma baki ta janye. Kazar da ke shan kimanin rubu'in lita a rana mai sanyi tana iya shan ninkin haka ko fiye a bazara, kuma 'yan sa'o'i babu ruwa a irin wannan rana sun isa su kashe ta, ko su tsayar mata da ƙwai na kwanaki. Ya kamata mazubin ruwa ya fi ɗaya, kowanne a inuwar da ba ta gushewa idan rana ta juya, domin inuwar hantsi ba ita ce ta la'asar ba. Kaskon ƙasa ya fi roba da ƙarfe riƙe sanyi, musamman idan aka binne gindinsa cikin jiƙaƙƙen yashi. A sauya ruwan da azahar da na randa, a kuma wanke mazubin kullum. Idan babu kowa a gida a wannan lokaci, to a ɗora wa wani aikin da sunansa, kada a bar shi a kan cewa yara za su duba. A ranakun da zafi ya tsananta, garin bitamin da gishirin jiki da ake sayarwa a kantunan maganin dabbobi yana taimakawa idan aka bi ma'aunin da ke jikin leda.

Kazar da aka tarar tana haki da ƙarfi, tana tangaɗi, tukkunta ya koɗe, ba ɗura take buƙata ba. A kai ta inuwa, a tsoma ƙafafunta da ƙirjinta a ruwa mai sanyi wanda ba na ƙanƙara ba, a kiyaye kanta kada ya nutse, a yi mata fifita, sannan a ajiye ruwa a gabanta ta sha da kanta. Ɗura ruwa a bakin kazar da ke haki yana iya shaƙe ta.

Wajen abinci kurakurai biyu ne ke tafiya tare. Na farko shi ne lokaci: narkar da abinci yana haifar da zafi a jiki, saboda haka cika musu ciki da hantsi yana sa zafin ciki ya haɗu da na tsakar rana. A ba su mafi yawan rabonsu da asuba da kuma bayan la'asar sakaliya, tsakar rana a bar su da ruwa da ɗan ganye, kamar zogale ko ragowar latas da ɓawon kankana. Na biyu shi ne ɗaukar cewa dusa da tsakin gero sun wadatar. Kazar ƙauye da ke yawo tana cike giɓin da ƙwari da gara da tsirrai, amma wadda aka killace a tsakar gida mai busasshiyar ƙasa ba ta da abin tona. Mai ƙwai tana cin kimanin giram 110 zuwa 120 a rana, kuma tana buƙatar abincin da kashi 16 zuwa 18 cikin ɗari nasa mai gina jiki ne. Wanda ba zai sayi haɗaɗɗen abinci ba sai ya ƙara wa hatsin gasasshen waken suya ko ƙuliƙuli ko garin busasshen kifi, ya kuma guji duk gyaɗa ko masarar da ta yi fumfuna, domin gubarta tana lalata hanta. Yawan haki yana rage wa kaza ikon gina ɓawon ƙwai, shi ya sa ake ganin ƙwai mai laushi a bazara. Maganin wannan shi ne garin ƙashi, ko ɓawon ƙwan da aka gasa aka daka, a ajiye a kwano daban.

Masu sha'awa sukan yi tuntuɓe tun wurin zaɓen iri. Hotunan da ake yaɗawa a Facebook sun sa matasa da dama suna kashe kuɗi mai yawa a kan Brahma, kaza mai girma da gashi har ƙafa, wadda jikinta ya fi dacewa da sanyi. Ita da buroila, wato kajin nama na gidan gona, su ne kan gaba wajen mutuwa idan rana ta buɗe. Kajin Hausa, da shazumama, da masu wuyan da ba gashi, sun fi jure wa ƙasarmu nesa ba kusa ba, ko da yake ƙwansu a shekara bai cika wuce 40 zuwa 60 ba. Mai son ƙwai da yawa yana iya neman Shika Brown, wadda cibiyar binciken dabbobi ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika ta samar domin yanayin Najeriya, ko Fayoumi ta Masar, ko Noiler idan yana son nama da ƙwai tare. Ba na cewa kada a ajiye kazar ado, amma wanda ya ajiye ta ya ɗauki nauyin ba ta sanyin da ta fi sauran buƙata.

Idan bazara ta wuce, hunturu ke kawo nasa tashin hankalin. A watannin sanyi da ƙura ne cutar da likitocin dabbobi ke kira Newcastle ta fi share kaji gida bayan gida: koren zawo, tari, sanyin jiki, wasu kuma wuyansu ya murɗe. Kuskuren da ake maimaitawa kowace shekara shi ne jiran ta shigo, sannan a fasa kafso ja da yalo a ruwa, ko a jiƙa barkono da sassaƙen maɗaci. Kafso ba ya kashe irin ƙwayar da ke jawo wannan cuta, kuma yawan ba da shi barkatai yana barin saura a ƙwai da naman da iyali za su ci. Rigakafi ne kaɗai ke tare ta, kuma kaza mai lafiya ake yi wa. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a jihar Filato tana yin wanda ake kira I-2, mai jure zafi fiye da sauran, wanda ake ɗiga wa kaza a ido a kuma maimaita bayan wata uku zuwa huɗu. A yi zagaye ɗaya a watan Oktoba kafin iskar hunturu ta kaɗa. Tunda kwalba ɗaya ta fi ƙarfin kajin gida guda, maƙwabta su haɗu su saya su yi rana ɗaya. Ko mai jure zafin ne, a ɗauko shi a cikin sanyi, a yi aiki da shi da sassafe, a ƙarar da shi cikin sa'a ɗaya zuwa biyu bayan an haɗa.

Hanyar da cutar ta fi bi ta shigo gida ita ce sabuwar kaza, ko ta kasuwa ko ta kyauta, da aka saka cikin garke ranar da ta zo. A ware ta aƙalla mako biyu da kwanonta daban. Idan kuma kaji suka fara zuba da yawa cikin kwana ɗaya ko biyu, kada a yanka a ci, kada a kai ragowar kasuwa. A sanar da ofishin likitan dabbobi, a binne mushen da zurfi, domin mai yiwuwa murar tsuntsaye ce. Murar tsuntsaye mai tsanani, nau'in da ake kira H5N1, ta fara bayyana a Afirka ne a jihar Kaduna a watan Fabrairun 2006, a cikin watan kuma aka same ta a Magarya ta jihar Damagaram, kuma tana iya kama mutum.

'Yan tsaki suna son ɗumi na digiri 32 zuwa 35 a makon farko, kuma daren Janairu a bakin Sahara yana da sanyin da zai kashe su. A rufe ragar da buhu ta gefen arewa maso gabas da dare, amma wanda ya kunna gawayi kada ya toshe ko'ina, domin hayaƙin da ba a gani yana kashe su gaba ɗaya. Idan sun cure wuri guda sanyi suke ji, idan sun watse gefe suna haki zafi ya yi yawa. Da rana kuma kifaffen kwando ya isa ya raba su da shirwa.

Akwai kaskar kaji da ke ɓuya a tsagar bangon ƙasa da rana ta fito shan jini da dare, har mai kaji ya rasa dalilin ramarsu. A duba da tocila bayan isha'i, a yaɓe tsagogin, a tanadar musu wurin birgima mai yashi da toka. Fesa musu fiya-fiya a jiki ko cikin ɗaki suna ciki guba ce gare su da mai cin ƙwansu.

Ƙwai ma ba ya jiran gobe a bazara. A kwashe shi sau biyu a rana, domin wanda zakara ya taka yana fara sauyawa idan ya daɗe cikin zafi, ya lalace ga ci da ƙyanƙyasa duka. Wanda za a ba kaza ta kwanta a kai a ajiye shi kusa da randa, kada ya wuce mako guda, kuma takwas zuwa goma sun ishi kazar gida. A sa gurbinta a ƙasa, a lungu mafi sanyi, da ruwa kusa da ita, domin kwana 21 za ta yi tana tashi sau ɗaya ko biyu kawai a yini. Wanda ke da zaɓi ya jinkirta kwancin zuwa saukar damina, lokacin da zafi ya ragu, iska ta yi danshi, ƙwari da ciyawa kuma suka wadata ga 'yan tsakin da za su fito.