Yadda ake saba wa 'yar mussa da kewayawa a waje

Mu nan Sakkwato mussa muke ce mata, Kanawa su ce kyanwa ko mage. Ko me ka kira ta, ba wanda ke koya mata tona rami ta binne kashinta, da wannan aka haife ta. Abin da ke hannunka shi ne wurin. In ka bar mata zaɓi, za ta zaɓi ƙarƙashin gado, ko tokar murhu, ko tulin yashin da magina suka bari inda yara ke wasa.

Kada ka fara da waje. Sai ta kai sati 3 zuwa 4 take fara kewayawa da kanta, kafin nan uwarta ce ke lasar ta don abin ya fito. A ƙanƙantarta shaho na iya surar ta a tsakar gida, kare ma ba zai bar ta ba. Ga batun rigakafi: allurar farko wajen sati 8 zuwa 9, a maimaita bayan sati 3 ko 4, ta ciwon haukar kare kuma daga sati 12. Asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Usmanu Danfodiyo na nan cikin gari, ka tambaye su har da maganin tsutsar ciki. Sai an gama wannan ake maganar fita.

Kafin nan, samo tsohon daro mai gajeren baki wanda za ta iya hawa, ka zuba yashin gulbi mai laushi, zurfin yatsu uku. Ajiye shi a lungun ɗaki nesa da kwanon abincinta, don mussa ba ta yarda ta ci inda take kashi. Da ta gama ci, ko ta tashi daga barci, ɗauke ta ka sa a ciki. Za ka gane lokacin ya yi in ta bar wasa farat ɗaya, ta kafa hanci a ƙasa tana shinshina, ta zagaya, ta fara kartar ledar ɗaki da ƙafar gaba.

Yanzu sai zaɓen wuri, kuma nan ne mutane ke kuskure a garin nan. A Afrilu da Mayu zafi kan wuce digiri 40, yashin da rana ta buga da azahar kuwa kai ma ba ka taka shi ba takalmi, balle tafin 'yar mussa. In ya ƙone ta sau ɗaya, ta bar wurin ke nan. Nemi gindin dogon yaro ko jikin katanga mai inuwa, inda ba a yawan wucewa, nesa da rijiya da madafa da garkar alayyafo. Sassare ƙasar da fartanya ta yi laushi, ka zuba yashi a kai. In akwai kaji a gidan, kewaye wurin da 'yan bulo, in ba haka ba su tone shi kafin la'asar.

Daga nan ka fara jan daron zuwa ƙofa, taku ɗaya ko biyu a rana. Ni na yi garaje da tawa. Rana guda na kwashe daron daga ɗaki zuwa bayan gida, ina ganin ai ta waye. Da asuba na tarar ta yi abinta daidai inda daron yake da, washegari kuma ta hau buzun sallar Baba. Tsohon bai ce komai ba sai, "Ɗan nan, kai ko mussar taka, ɗaya zai bar ɗakin nan." Dole na mai da daron na sake farawa. Kowace rana ka riƙa gauraya ɗan ƙasar sabon wurin cikin yashin, har ta saba da ita a ƙafa.

In daron ya isa wurin, bar shi kwana uku ko huɗu. Sannan ka juye yashin da ta ɓata a ƙasan, ka ɗauke daron. Warin nan shi ne jagoranta. Ci gaba da kai ta bayan kowane ci, ka tsaya gefe shiru. In ta binne, shafa kanta ko ka ba ta ɗan guntun kifi nan take.

In ta yi kuskure a ɗaki, ban da duka, ban da goga mata hanci a kai. Ba ta haɗa dukan da laifin, sai dai ta koyi ɓuya. Wanke wurin sosai da ruwa da sabulu har warin ya mutu, ka ɗora kujera ko tukunya a kai na 'yan kwanaki.

Dare fa? In a ɗaki take kwana kuma ana kulle ƙofa, bar mata ƙaramin daro, musamman a sanyin hunturu. Da damina kuma jingina falle ɗaya na tsohon kwanon rufi a kan wurin, don ba ta son jiƙaƙƙen yashi.

Kwashe kashin kullum da tsohon ludayi, ka wanke hannu, yashin kuma a sabunta shi in ya fara wari. Mai juna biyu kada ta yi wannan aikin, saboda ƙwayar toksoplasma da kan fito a kashin mussa na iya cutar da ɗan tayi. Sai kashin ya kwana ɗaya zuwa biyar ƙwayar ke iya kama mutum, shi ya sa ba a barin sa ya taru. In kuma ka ga tana ta tsugunawa tana kuka fitsari bai fita, musamman in muzuru ne, kai shi wurin likitan dabbobi a ranar.