Shawara ga masu zuwa kallon kokawa a Kozumel

'Yan uwa, duk wanda jirgin ruwan yawon buɗe ido ya sauke shi da iyalinsa a tsibirin Kozumel na Meziko, ya daure ya kai yara kallon kokawar lucha libre, domin 'yan kokawar da ke rufe fuska da ƙyalle mai walƙiya suna dirowa daga saman igiya suna burge su ƙwarai. Sai dai a yi hattara da abincin da ake haɗawa da tikiti: taco al pastor da cochinita pibil naman alade ne, wake ma sau da yawa da kitsensa ake soyawa. Ku nemi na kifi, ku tambaya kafin ku ci. Margarita kuwa giya ce. Ku daidaita agogonku da na jirgi, domin ba ya jiran wanda ya makara.